Jirgin ƙasan wasa a ƙaramin ɗaki: me ke kayar da shi a kwana?

  

Yau zancen wasan yara na zo miki da shi. Ki daure ki karanta har ƙarshe, domin wasan nan saura ƙiris ya jawo wa wani yaro bulala a gabana, kuma na san abin da na gani yana faruwa a ɗakuna da yawa.

Kwanakin baya na je Bagudo barkar ƙanwata da ta haihu. Ciki da falo suke haya, kin dai san irinsa: gado ya cinye rabin ɗaki, kabad ɗin kwanoni ya cinye rabin abin da ya rage. Babban ɗanta shekararsa 7. Kawunsa, wato ƙanenmu, yana bin tirela ta Tsamiya su tsallaka Segbana a Jamhuriyar Benin, su bi ta Kandi har Kwatano. A wannan dawowar sai ya kawo wa yaron tsarabar jirgin ƙasa na roba mai batir: kan jirgi ɗaya, tarago 4, da guntayen layi da ake harhaɗawa su zama da'ira. Ranar da ƙyar yaron nan ya yi barci.

Gari na wayewa, ana ruwa ba damar fita tsakar gida, ya baje kayansa tsakanin gado da kabad. Fili bai isa ba. Sai ya yi dabara irin ta yara, ya cire guntu biyu daga masu lanƙwasa, ya matse sauran da ƙarfi har bakinsu ya haɗu. Rabin layin yana kan tabarma, rabi kan siminti. Ya kunna. Jirgi ya taho da kukansa, yana isowa kwanar da ke gindin gado sai ya tuntsure. Ya mayar, ya sake tuntsurewa. Aka yi haka ya fi sau goma, har yaro ya fashe da kuka, jaririya ta farka. Mai jego da ba ta samu barci ba ta ce wallahi in ya sake tayar mata da yarinya sai ta jefa jirgin a kogi. Uban yana bakin ƙofa ya ce dama kayan banza ne, an dai yi asarar kuɗi.

Yaron ya juyo wajena da hawaye, da harshensu na can ya ce: "Inna, mi ka sa shi faɗuwa nan wurin kullum? Can ba shi faɗuwa."

Wannan tambaya ce ta zaunar da ni a kan tabarmar. Duk manyan da ke ɗakin ba wanda ya lura cewa wuri ɗaya jirgin yake faɗuwa, sai shi. Da yake na taɓa koyar da lissafi a firamare, na ce masa share hawayenka, zo mu duba tare.

Mu da jirgin ƙasa

Ban ga laifin ƙanwata da mijinta ba. A Bagudo in aka ce jirgi, wanda ke kan kogin Kwara ake nufi, mai ɗaukar mutane da buhunan shinkafa. Duk faɗin Jihar Kebbi babu layin dogo. Ta ɓangarenmu, reshen da ya tashi daga Zariya a Kaura Namoda ya tsaya tun 1929. Ta ɓangaren Benin kuwa, layin da ya taso daga Kwatano a Paraku ya ƙare, tafiyar kilomita 438, a da daga nan ne manyan motoci suke ɗaukar kaya su yi arewa. Saboda haka da uwar da ɗan, da wuya a samu wanda ya taɓa tsayawa ya ga jirgin ƙasa yana shan kwana.

Amma akwai abin da kowane yaron Bagudo da Kaoje da Illo ya sani kamar yunwar cikinsa: tirela. Da ita na fara. Na tambaye shi, in motar su kawu za ta shiga lungu, yaya direba yake yi? Nan take ya miƙe yana kwatantawa, wai sai ya fara buɗewa can gefe, sannan ya karyo kai, in ba haka ba tayoyin baya su hau kan kwata. Na ce to ka ba kanka rabin amsa. Doguwar mota tana son kwana mai faɗi. Bambancin kawai, direban tirela yana da sitiyari, yana iya buɗewa. Jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. Inda layi ya bi nan zai bi, in layin ya fi ƙarfinsa sai ya sauka.

Abubuwa huɗu da ke kayar da shi

Na farko, matsatsiyar kwana. Ki juya taragon ki duba ƙarƙashinsa. Za ki ga tayar hagu da ta dama a jikin sanda ɗaya suke, kuma kowace taya tana da ɗan leɓe da ke riƙe ta a jikin layi. A kan miƙaƙƙiyar hanya leɓen nan ba ya wani aiki. A kwana kuwa shi ke gogar layi yana tilasta wa taragon ya juya. In kwanar ta yi tsanani, maimakon ya goga ya wuce, sai ya hau kan layin ya tsallake. Kamfanin da ya yi abin wasan ya riga ya auna lanƙwasar da tayoyin za su iya ɗauka, shi ya sa ya zuba adadin guntayen da ya zuba. Da yaron ya cire biyu ya matse sauran, kowace mahaɗa ta zama gwiwa, ta gindin gado kuma ta fi kowacce karyewa.

Na biyu, tsawon tarago. Ki ɗauki muciya ki ɗora a bakin faranti, za ki ga tsakiyarta ta faɗa ta ciki, bakinta biyu sun yi waje. Haka dogon tarago yake yi a kwana. Tsakiyarsa tana leƙowa ciki, kansa da gindinsa suna fita waje, sai ƙugiyar da ta haɗa shi da na gabansa ta riƙa fizgarsa gefe. Gajeren tarago ba ya wannan wahalar.

Na uku, gudu. Wannan duk wadda ta taɓa zama a bayan babur ta san shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne lissafinsa: in gudu ya ninka sau 2, ƙarfin da ke jefa abin hawa waje a kwana sau 4 yake ninkawa. In kuma aka rage faɗin kwanar da rabi, ƙarfin ya ninka sau 2. Irin jiragen roba da ke kasuwanninmu yawanci ba su da wurin rage gudu, kunnawa ne da kashewa, kuma sabon batir yana sa su zabura.

Na huɗu, ƙasa marar daidaito da kaya marar tsari. Bakin tabarma, ninkin ledar ɗaki, ko ƙwayar gero ɗaya a ƙarƙashin layi ta isa ta ɗaga taya daidai lokacin da leɓenta ke riƙe da layin. Haka kuma in marar nauyi yana gaba, mai nauyi yana baya, kan jirgi zai ja ta gaba, mai nauyi ya riƙe ta baya, sai na tsakiya ya kife ta cikin kwana, kamar igiyar da aka ja ta miƙe.

Kada ki ɗauka wannan matsalar kayan roba ce kaɗai. Injiniyoyi na gaske da ita suka yi ta fama. Lokacin da Turawa suka so kwaso kuza daga tsaunukan Jos, sun shimfiɗa ƙaramin layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka kammala a 1914. Faɗinsa inci 30 ne kacal, alhali babban layin Legas zuwa Kano inci 42 ne. Siririn layi da ƙananan taragu masu tafiya a hankali sun fi iya kewaya duwatsu, kuma sun fi araha. Ya yi aiki har 1957 aka rufe shi. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa inci 56 da rabi ne, kwanoninsa masu faɗi, domin gudu ake so. Darasin dai ɗaya ne: in wuri ya matse, a gajarta tarago, a rage gudu.

Yadda za ki yi a ɗakinki

A Turai da Amurka da Japan, har manya masu furfura suna wannan wasa, suna gina ƙananan garuruwa da gadoji da tashoshi. Suna da ma'auni da suke bi. Samfurin da ya fi yaɗuwa, mai suna HO, ana rage jirgin gaske ne sau 87, kuma kwanar da aka saba sayarwa tare da shi inci 18 ce daga tsakiyar da'ira zuwa layi, wato da'irar gaba ɗaya inci 36 daga gefe zuwa gefe. Akwai ƙaraminsa mai suna N, wanda da'irarsa ke iya zama a kan allo mai faɗin ƙafa 2, kuma shi ya fi karɓuwa a Japan inda gidaje ba su da yalwa. Kin ga ke nan ƙarancin wuri ba a kanmu aka fara ba. Ga abin da za ki ɗauka daga wajensu.

Ki auna kafin ki saya. Ki ɗauko tef ɗin ɗinki ki auna filin da kike da shi, tsawo da faɗi. Kwalaye da yawa suna ɗauke da girman da'irar a rubuce a jiki. In babu, ki sa mai shago ya harhaɗa a gabanki. Ki bar aƙalla faɗin tafin hannu tsakanin layi da bango ko ƙafar gado, saboda gindin tarago da ke fita waje. In aka ba ki zaɓi tsakanin babban jirgi mai dogayen taragu da ƙarami mai gajeru, ki ɗauki ƙaramin, ko da yaro ya fi ƙyalla ido a kan babban.

Kada a rage masu lanƙwasa. In fili ya gaza, miƙaƙƙun guntaye ake cirewa, biyu-biyu, ɗaya daga wannan gefe ɗaya daga wancan. Masu lanƙwasa kuwa dole su cika, kowane baki ya shiga ɗan'uwansa ba tare da an danna da ƙarfi ba. Ki sa yaro ya bi kowace mahaɗa da ɗan yatsa. Inda ya ji tudu ko giɓi, nan jirgi zai faɗi.

Kada a haɗa kwanar hagu da ta dama kai tsaye. Yara suna son layi mai tafiyar maciji. In za a yi, a sa miƙaƙƙen guntu a tsakani, wanda tsawonsa ya kai na taragon da ya fi tsawo. In ba haka ba, gindin na gaba zai yi hagu, kan na baya ya yi dama, su fizge juna.

Ki samar masa allo. Wannan shi ya fi komai amfani a gidan ƙanwata. Fallen fulawud ƙafa 4 ne a ƙafa 8. Rabinsa, ƙafa 4 a ƙafa 4, ya ishi da'irar inci 36 har da sarari a gefe. Ki sa kafinta ya goge bakinsa saboda sartse. A manna layin da salatif ko a kama shi da ƙananan ƙusoshi. In an gama wasa a tura allon ƙarƙashin gado, ko a jingine shi bayan ƙofa. Babu sauran harhaɗawa kullum, wanda shi ke karya haƙoran guntayen, babu kuma taka layi da dare. In babu kuɗin katako, babban kwali mai kauri ninki biyu yana yi.

A tsara taragu. Mai nauyi da dogo su bi bayan kan jirgi, marar nauyi ya koma ƙarshe. Wanda ya cika rashin nauyi har yana rawa, a manna masa sulen sefa ɗaya a can ƙasan cikinsa, a naɗe da salatif sosai. A ƙasa ake son nauyi. In aka ɗora a sama, kifewa zai ƙaru. In kuma gudu ne ya yi yawa, a ƙara masa tarago ko ɗan lodi, ko a sa masa batirin da tocila ta ɗan ci.

A riƙa sharewa. Gashi da zaren tabarma suna naɗewa a sandar taya, ƙurar hunturu kuma tana cika haƙoran inji. Tsohon burushin haƙori da tsinke sun isa. Kada a zuba man gyaɗa ko man ja, ƙura suke kamawa.

A ranar, da muka mayar da guntaye biyun nan, muka cire miƙaƙƙu, muka janye tabarma, jirgi ya zagaya sau ɗaya, sau biyu, sau goma bai faɗi ba. Yaron bai yi ihu ba. Kwanciya ya yi rub da ciki, ya sa ido daidai kwanar gindin gado yana kallon yadda tayoyin ke wucewa.

In babu na saya

'Yar'uwa, ba na son ki gama karanta wannan ki ji kamar ɗanki ya rasa wani abu don ba ki da kawun da ke zuwa Kwatano. Tun kafin roba ta zo, yaranmu suna ƙera motar kara da ta gwangwani da ta langa-langa, suna yanka tsohon silifas su yi taya. A garuruwan bakin iyaka za ki ga yaro ya ƙera tirela da kai daban, bodi daban, ya haɗa su da ƙusa ɗaya don ta riƙa karyawa. Wannan yaron ya riga ya fahimci abin da muke ta bayani.

Jirgin ƙasa ma haka ake yin sa. Gwangwanin kifi ko kwalin ashana su ne taragu, murfin kwalba taya, waya ko zare ƙugiya. A zana layi da gawayi ko alli a kan siminti. In ana son da'ira mai kyau, a ɗaura gawayin a bakin zare, wani ya danne ɗaya bakin a tsakiya, a zagaya. Sai ki ce masa ya ja jirgin ya bi zanen ba tare da taragon ƙarshe ya bar layi ba. Zai ga na baya yana yanke kwana ta ciki. Ki ce ya rage tsawon zaren da rabi ya sake zana wata, ya gwada. Ki bar shi ya gano da kansa wacce ta fi wuya da dalili. Abin da zai tarar a aji ke nan nan da 'yan shekaru, an sa masa suna da alamomi.

Kuma don Allah kada a ce wasan maza ne a kori 'ya mace. A gidan ƙanwata, mai bi wa yaron, 'yar shekara 5, ita ta fara gano cewa jan taragon ya fi sauran rashin nauyi.

In kina da data, ki nemo musu bidiyon Miniatur Wunderland a YouTube. Wani gida ne a birnin Hambug na Jamus da aka buɗe a 2001, cike da irin waɗannan ƙananan jirage, tsawon layinsu in an haɗa ya haura kilomita 15. Ku kalla tare, ki ce su lura da yadda jiragen ke shiga kwana.

Inda wasa ke zama hatsari

Nan kuma ba wasa. A ɗaki ɗaya, abin wasan babba yana hannun mai rarrafe.

Duk kwalin da kika ga an zana fuskar jariri da lamba 0-3 an soke ta da jan layi, ma'anarsa akwai ƙananan abubuwa da yaron da bai kai shekara 3 ba zai iya haɗiyewa su shaƙe shi. Tayar da ta cire, ƙugiya, da sulen da na ce a manna, duk suna ciki. A yi wasan lokacin da ƙaramin yake barci ko yake goye, a kuma ƙirga kaya kafin a ajiye.

Mafi hatsari shi ne ɗan batirin nan mai kama da maɓalli, wanda ake sa wa masu fitila da kiɗa. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale, yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa 2. Kada ki sa shi amai, kada ki jira ki ga alama, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe. Asibiti nan take, ki kuma gaya musu batir ne. Haka ƙananan maganaɗisu da wasu jirage ke haɗa taragu da su: in yaro ya haɗiye biyu, suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi. Ki tabbata murfin gidan batir yana da noti, kuma a ɗaure yake. In an gama wasa a cire batir, domin zafinmu yana sa shi yoyo.

In jirgin na gwanjo ne mai aiki da wutar lantarki, ki duba abin da aka rubuta a jikin na'urarsa. Wutarmu tsakanin 220 da 240 take, ta Amurka kuwa 110 zuwa 120. In aka jona na Amurka kai tsaye zai ƙone, yana iya haɗawa da gobara. Babba ne kaɗai zai riƙa jonawa. Na gwangwani kuma a lanƙwashe bakinsa a daddake, kada ya yanki hannu.

Abin da ya fi jirgin

Har na dawo gida ina tunanin abin da zai faru da ban je ba a ranar. Da an ƙwace jirgin an jefa saman kabad, an ce yaro ya cika ɓarna. Shi kuma da ya koyi cewa in abu ya ƙi, ko dai kayan banza ne, ko shi ne marar wayo, kuma tambaya tana jawo tsawa. Iyayenmu sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma wanda aka tanƙwara da gaggawa karyewa yake yi.

Na san gajiyarki. Ga girki, ga wanki, ga goyo, ga ɗaki ba wurin juyawa, sannan a ce ki zauna kallon jirgin roba. Ba yini nake roƙa ba. Minti goma ne, da tambayoyi uku da ba sa bukatar ki san amsa: A ina yake faɗuwa? Me ya bambanta wurin da sauran? Me za mu canza, abu ɗaya tak, mu sake gwadawa? In ya canza abu biyu a lokaci guda ba zai san wanne ya yi maganin ba. Bakanike da haka yake gano ciwon mota, ke ma da haka kika gano abin da ke sa wainarki ƙin tashi.

Shekaranjiya ƙanwata ta kira ni. Ta ce uban da ya ce kayan banza ne, shi ya je wajen kafinta ya yanko allon, kuma yanzu bayan sallar isha'i sai ta yi da gaske take raba shi da ɗansa a gindin gado. Yaron kuma ya ba ta saƙo wajena, wai in tambayi kawu ko jirgin Paraku ma yana faɗuwa a kwana.

Ke fa, wane abin wasa ne ya taɓa haɗa ki rigima da yaranki a ɗaki, kuma yaya kuka ƙare? In ɗanki ko 'yarki na ƙera motar kara ko ta gwangwani, ki ba mu labari a ƙasa, sauran iyaye su ƙaru. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya yi musu albarka, Ya ba mu haƙurin tarbiyyarsu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.